Karen Azawak, daga kasuwar Maraɗi zuwa bayan Dakwaro

Awaki ne suka kai ni Maraɗi. Kawuna ya daɗe yana fataucin dabbobi tsakanin Katsina da Nijar, da gwiwa ta fara damunsa sai ya ce in riƙa raka shi ina riƙe masa lissafi da jakar kuɗi. Jajayen awakin Maraɗi yake saye, masu yawan haihuwar tagwayen nan da fatarsu ta yi suna wajen majema har Turai. Da hunturu muka tashi, an gama girbi, hazo ya rufe gari. Muka bi ta Jibiya, muka yi abin da ake yi a bakin iyaka, muka wuce Ɗan Isa, kafin azahar mun shiga gari.

Bakatsine ba ya baƙunta a Maraɗi. Sarakunan Haɓe na Katsina da jihadi ya kora a farkon ƙarni na 19 nan suka zo suka sake kafa sarauta, Ɗan Kasawa ya zaunar da ita wajen 1819, har gobe kuma Sarkin Katsina ake ce wa mai garin. Tsohon garin a cikin kwarin gulbi yake, sai da ambaliyar 1945 ta ci shi aka hau tudu, shi ya sa titunan sabon garin suke a miƙe sambal. Mu a unguwar Zariya muka sauka, gidan wani Alhaji abokin cinikin kawu.

A gidan nan zancen kare ya fara. Alhaji yana da wani ƙaton karen Jamus, irin mai tsayayyun kunnuwa da ake gani a hannun 'yan sanda, an gina masa ɗaki a bakin ƙofa har da fanka. Duk da sanyin da ake yi, rana na ɗagawa sai ka ji shi yana haki, harshe a waje. Maigadi ya ce mini da bazara sai an riƙa kwara masa ruwa, abincinsa kuma a buhu ake aiko da shi daga Yamai, ban da nama. Alhaji da kansa ya ɗauko mini takardun karen, ga sunan uwa da uba har kakanni. Na yaba ƙwarai, tunda baƙo ne ni, tuwonsa kuma nake ci.

A kasuwar dabbobi, kawu na can yana ja-in-ja da dillalai, na hango wani Ba'abzine zaune a gefe, ya naɗe fuska da baƙin rawani, ya kawo tumaki. A bayansa wani kare ne kwance, launin yashi. Da ya miƙe sai na ga tsayinsa daga ƙasa ya fi tsawon jikinsa. Ƙafafu dogaye sirara, ƙirji mai zurfi, ciki kuwa a ɗame kamar tsakiyar kalangu. Daga nesa kana iya ƙirga haƙarƙarinsa, ƙasusuwan ƙugu sun taso sama, fata ba kauri, gashi ya kwanta har ba ka cewa akwai shi. Kunnuwa a zube, wutsiya siririya mai farin baki, ƙafafun ma farare daga ƙasa. Bai kula kowa ba, bai shinshina komai ba, kansa a sama yana duban can nesa. Yara masu tallar ruwa suka fara tsokana: "Buzu, ba ka ba karenka hura?" Mutumin ko kallonsu bai yi ba.

Wani tsoho da ya shimfiɗa saiwoyi da sassaƙe kusa da ni shi ya kore su. Rigarsa duk layu, da gani ka san maharbi ne, ko mahalbi yadda suke faɗa a can.

"Ku ɓace min da gani, ɗiyan banza," in ji shi. Sannan ya juyo wajena. "Malam, na ga ka ƙura mishi ido."

"Baba, tambaya nake shirin yi. Wane iri ne wannan?"

"Wanga karen arewa ne, na Azawak. Haka Allah ya yi shi. Ka ba shi sa guda ya canye, gobe haka za ka ishe shi. Ranar da ka ga ya yi ƙiba, to ya lalace, ko zomo mai ciki ba shi kamawa."

Sunan Azawak ba baƙo ba ne ga wanda ya taɓa shiga kasuwar shanu a Nijar, saboda shanun Azawak masu nono da ake ji da su. Ƙasar da ta ba shanun suna ita ta ba karen. Wani faffaɗan busasshen kwari ne a arewacin jihar Tawa, wajen Abalak da Cintabaradan da Tasara da Tiliya, ya ratsa har cikin Mali wajen Menaka, duwatsun Abzin suna gabas da shi, na Adrar ɗin Ifogas suna yamma. Abzinawa ne aka fi sani da karen, na asalin suna ce masa oska, amma Fulani da sauran makiyayan yankin duk suna riƙe shi, har arewacin Burkina Faso.

Tsohon Bagobiri ne, gidansa a wani ƙauye bayan Tsibiri. Ya ce in ganin karnuka nake so, in zo gida. Da kawu ya ba ni sarari na hau kabu-kabu na je. Tun daga bakin darni karnuka suka yo kaina, sai da jikansa ya daka musu tsawa. Yawancinsu irin namu ne na ƙauye, gajeru masu murɗaɗɗen jiki, wutsiya a naɗe, an yanke musu kunne tun suna ƙanana. Biyu ne kawai suka fita daban, dogaye, masu ɗamammen ciki.

"Waɗanga biyun, kakarsu daga Dakwaro anka kawo min ita," in ji tsohon. "Jinin ya gauraya, amma ƙahwar tana nan."

Ya zaunar da ni a kan buzu ya shiga bayani, kuma ban taɓa jin wanda ya rarrabe aikin karnuka a fili haka ba. Karen Hausa, in ji shi, da hanci yake aiki. Shi ke shiga sarƙaƙiya, ya bi sawu, ya tono gafiya a rami, ya tada zabo ko zomo daga gindin sabara. Na arewa kuwa da ido yake farauta. Ba ruwansa da sunkuyar da kai. Fili yake so, inda zai hango abu tun yana ɗigo, in ya tashi kuma ƙafafun baya har wuce na gaba suke yi. Masu auna gudu sun ce yana kaiwa kusan kilomita 65 a awa, amma tsohon ya ce ba saurin ne abin mamaki ba, juriyar ce. Da tsakar rana, lokacin da sauran karnuka suka nemi inuwa, shi a lokacin yake bin barewa har sai ta gaji, ya banke ta da jikinsa ta faɗi, ya tsare ta har mai shi ya iso da wuƙa.

Na tambaye shi dalilin da bai nemi na asalin ya riƙe zalla ba. Ya yi dariya.

"Ɗana, ina hilin? Sanda nike yaro, in anka buga gangar hwarauta bayan kaka, garuruwa goma ka taruwa, kowa da gora tai da karnuka nai, mu yini muna tahiya ba mu taka gona ba. A yi kirari, a yi rigima kan wane kare ya hwara kamu, wani lokaci har a zub da jini. Yanzu daga nan har Madarumfa, in ka hidda dajin Baban Rahi, duk gona ce. Barewa sai a labari. Abin da ya rage zomo ne da kurege, su ko cikin kara suke ɓoyo. Karen bana shi ka maganin zomon bana."

Ga kuma ma'aikatan gandun daji. Dokar farauta ta Nijar ta 1998 ta ce sai da takardar izini, kuma tana da dabbobin da ta hana taɓawa kwata-kwata. Tsohon bai yi ƙorafi a kan dokar ba, cewa ya yi ta zo ne bayan an cinye naman.

Wani abu da ya yi ya tsaya mini a rai. Da yake nuna mini yadda ake sakin kare, sai da ya yi bisimilla kafin ya saki igiyar, alhali wasa ne kawai muke yi da ƙunshin tsumma. Mu Hausawa mun mai da kare abin zagi, duk wanda aka raina da shi ake kwatanta shi, yaro kuma tun yana ƙarami yake koyon jifansa. Amma fikihun da muke bi bai tsananta haka ba. A mazhabar Malikiyya kare mai rai ba najasa ba ne, wanke ƙwaryar da ya sa baki sau bakwai bin umarni ne. Aya ta 4 a Suratul Ma'ida ta halatta cin abin da dabbar farauta horarriya ta kamo in an ambaci sunan Allah, hadisin da ya yi gargaɗi a kan ajiye kare kuma ya cire na farauta da na kiwo da na gona. Karen Azawak aikinsa biyu ne daga cikin ukun nan. Tsohon mahalbi bai yi zurfi a karatu ba, amma wannan babin ya fi yawancinmu saninsa.

Da na koma gida na ba da labari, Alhaji ya ɗan ɓata fuska, ya ce wai duk ga karensa mai takarda ni karen Buzaye ne ya burge ni. Amma mutumin kirki ne, shi ya haɗa ni da wani maƙwabcinsa, tsohon likitan dabbobi da ya yi aiki a ma'aikatar kiwo a Tawa da tashar shanun Azawak ta Tukunus kafin ya yi ritaya. Bayan la'asar na same shi a ƙofar gida yana shan shayi.

"Likita, an ce kai ne ka san tarihin karen nan."

"Wane tarihin kake so, na daji ko na takarda? Na takarda gajere ne, bari in fara da shi."

A farkon shekarun 1970 ne aka fara fita da karen zuwa Turai, ta hanyoyi biyu. Ɗaya ta hannun wani jami'in diflomasiyyar Yugoslabiya da ya yi aiki a Burkina Faso, lokacin ana ce mata Haute-Volta. Labarin da masu kiwon karen suke bayarwa shi ne makiyaya sun ba shi namiji kyauta, macen kuwa sai da ya harbe musu wata giwa da ta addabe su kafin ya same ta. Hanya ta biyu ita ce Faransawa, sojoji da ma'aikata da ke komawa gida daga Mali da Nijar da Burkina. Da farko Turawa sun haɗa shi da Sulugi, karen farautar ƙasashen Magrib, saboda kamannin da ke tsakaninsu. Sai a farkon shekarun 1980 babbar ƙungiyar masu kiwon karnuka ta duniya, FCI, wadda ke da mazauni a Beljiyam, ta karɓe shi, yana da lamba 307 a kundinta. A takardar an rubuta cewa asalinsa iyakar Mali da Nijar, amma ƙasar da aka ba riƙon ƙa'idojinsa Faransa ce. Amurka ya shiga a tsakiyar shekarun 1980, aka yi haihuwar farko a can a 1987, ƙungiyar AKC ta Amurkawa kuma ba ta ba shi cikakkiyar rajista ba sai a farkon 2019.

Likita ya haddace ma'aunin. Namiji santimita 64 zuwa 74 a kafaɗa, nauyi kilo 20 zuwa 25. Mace santimita 60 zuwa 70, kilo 15 zuwa 20. Dole a ga ƙashi da tsoka ta cikin fata, ƙugu ya yi daidai da kafaɗa ko ya ɗara ta. Wato ramar da yaran kasuwa suke yi wa dariya ita ce alƙalan gasar karnuka a Turai suke ba maki.

Inda muka daɗe shi ne batun launi. Ƙa'idar FCI ta tsaya a kan launin yashi zuwa ja mai duhu, da zane-zane ko babu, da fari a ƙafafu da ƙirji da bakin wutsiya. Likita ya ce shi da idonsa ya ga baƙaƙe a zangon Abzinawa, ya ga masu toka-toka, ya ga masu dabbare-dabbare, kuma masu su ba su taɓa shakkar asalinsu ba. 'Yan ƙalilan da aka fara kaiwa Turai ne aka duba aka rubuta doka, sai dokar ta dawo tana cewa ɗan'uwansu da ya rage a gida ba shi ba ne. Amurkawa sun fi sassauci, su kowane launi sun karɓa. A ganina wannan ba ƙaramin abu ba ne. Mutum yana zaune a Faris yana yanke hukuncin wane kare ne ɗan Azawak na gaske, mai karen kuwa yana Tasara bai san ana yi ba. Ban ga laifin Bafaranshen da ya rubuta abin da ya gani ba. Namu ne ba su rubuta komai ba, kuma masu kuɗinmu in za su sayi kare sai sun nemo wanda aka halitta don ƙasar ƙanƙara, su zo su sa masa fanka.

"Na dajin fa?" na tambaye shi.

"Wannan ba a ƙofar gidana za ka ji shi ba. Ka bi kawunka Dakwaro."

Dama kawu yana da niyyar hawa arewa neman tumaki. Azawak ɗin kanta ba ta shiguwa ga baƙo irina a yanzu. Tun harin da aka kai ƙauyukan Tiliya a watan Maris na 2021, inda gwamnati ta ce an kashe mutum 137, kowa ya san halin da yankin yake ciki, makiyaya da yawa sun bar wuraren da suka saba. Amma arewacin jihar Maraɗi ma ƙasar kiwo ce, kuma karen ba ya tsayawa a inda taswira ta tsaya. Muka bi ta Tsibiri muka miƙe arewa ta Kornaka, tafiyar sama da kilomita 100, gero da wake suna raguwa, ƙaya da aduwa suna ƙaruwa. A Dakwaro wani dillali da kawu ya sani ya samo mana tsohuwar Toyota mai hawa yashi, ya ce zai kai mu zangon wani amininsa.

Bayan Dakwaro ake gangarawa kwarin Tarka. Faɗinsa kawai ya isa ya gaya maka cewa ruwa mai yawa ya taɓa bi ta nan, ko da yake yanzu sai rijiyoyi. Azawak ma haka take, tsohon kogi ne da ke kwaso ruwa daga Abzin da duwatsun Hoggar ya gangara kudu ta Dallol Boso ya zuba a kogin Kwara. A zamanin da Sahara take kore, da tafkuna da raƙuman dawa da dorinar ruwa, mutane suna kiwo da farauta a inda yau ko ciyawa babu. Zanen da suka bari a kan duwatsun Tasili a Aljeriya yana nuna maharba da karnuka tare. Kare dai ba ɗan asalin Afirka ba ne. Daga kyarkeci ya samo tushe, a can nahiyar Asiya da Turai, shekaru sama da 14,000 da suka wuce, sannan ya shigo Afirka ta wajen Masar tare da mutane da dabbobinsu. Da Sahara ta fara bushewa wajen shekaru 5,000 baya, makiyaya suka yi ta gangarowa kudu da shanunsu da karnukansu. Wanda ya iya zafi da yunwa da doguwar tafiya ya rayu ya haihu, wanda bai iya ba ya ƙare a hanya. Doguwar ƙafa tana nisanta jiki da zafin yashi, siririyar fata marar kitse tana sakin zafi da wuri, faffaɗan ƙirji kuma wurin huhu da zuciya ne. Ba wanda ya zauna ya tsara wannan siffa.

Ba mu hango tanti ba tukuna karnuka suka tare mu. Su huɗu ne, suka fito daga bayan wani tudu a guje, ba su yi kan motar kai tsaye ba, suka rarrabu suka kewaye ta suna haushi. Dillali ya ce kada wanda ya buɗe ƙofa sai maigida ya zo. Da ya fito ya yi musu magana ɗaya da Tamashek, suka ja baya, amma ba su tafi ba. Duk tsawon zamanmu suna kwance a nesa kaɗan, idonsu a kanmu. Na gwada miƙa wa ɗaya guntun biredi, ya kawar da kai. Can sai ga wata 'yar ƙaramar yarinya ta fito daga tanti tana tafiya da ƙyar, ta je ta hau ruwan cikin babban cikinsu tana jan kunnensa, ko motsi bai yi ba.

Maigidan dattijo ne, Hausarsa ras. Aka ɗora shayi, aka kawo cuku da dabino. Bayan an gama zancen tumaki da kawu na samu na jefa tambayata.

"Ranka ya daɗe, me kuke ba su?"

"Abin da muka ci. Gero da nono. In nono ya yi ƙaranci, ruwan da aka wanke ƙwarya. Sauran su nema da kansu, akwai ɓera, akwai zomo."

Sai ya yi mini bayanin abin da nake ganin shi ne ainihin tarihin karen. Karyar takan haihu sau ɗaya a shekara, saɓanin karnukan gari da ke yin biyu. In ta haihu ba duka ake bari ba. Zango ba ya iya ciyar da baki da yawa, don haka tun suna 'yan kwanaki ake zaɓar ɗaya ko biyu, galibi maza, mace kuma sai in ana bukatar mai ci gaba da iri ko wani ya riga ya roƙa. Sauran ba sa rayuwa. Ya faɗi haka ba tare da ya sauya murya ba, ni kuwa sai da na ajiye kofin shayi. Amma in mutum ya yi tunani, wannan zaɓen da ake yi shekara bayan shekara, zango bayan zango, a kan idon mutanen da rayuwarsu ta rataya a kan karen, shi ne ya yi aikin da takarda take yi a Turai, kuma ya fi ta tsanani. Na tambaye shi abin da yake dubawa a jikin kwikwiyon da ko ido bai buɗe ba. Ya ce ƙirji, da ƙafa, da halin uwarsa, da wanda ya fi sauran kokawar isa ga nono.

Mahaifinsa, in ji shi, da raƙumi yake fita farautar barewa, wani lokaci ya ɗora karen a gabansa don kada ya gaji, sai an hango garke ya sauke shi. Shi kansa ya yi wannan farautar yana saurayi. Sai fari na 1973 da 1974 ya zo, na 1984 ya biyo baya, dabbobin gida da na dawa suka mutu tare. Abin da fari ya bari kuma bindiga da mota suka ƙarasa, domin mai mota yana kashe a yini ɗaya abin da kare ba zai kama a shekara ba. Jimina ta ɓace daga yankin, mariri mai dogayen ƙahoni ma haka, har a shekarar 2000 aka ayyana cewa babu sauransa a dawa a duk duniya, sai da aka dawo da shi Chadi daga wuraren kiwo a 2016. Gandun Gadabeji yana nan arewa da inda muke, hekta 76,000 da aka keɓe tun 1955, UNESCO ta sa shi a jerin wuraren da take kulawa da su a 2017, a 2018 kuma aka kawo masa raƙuman dawa 8 daga Kure, kusa da Yamai. Akwai sauran barewa a ciki, amma ba wurin sakin kare ba ne.

"To yanzu mene ne aikinsu?"

"Gadi. Da ma shi ne babban aikin, farauta ƙari ce. Kura ta yi wuya yanzu, amma dila yana nan, yana ɗaukar 'yan awaki. Ga kuma ɓarawo mai ƙafa biyu, wanda ya fi kura."

Da dare na ga gadin. Sanyi ya sauko sosai, karnukan da ba su da kitse ko gashi suka dunƙule wuri ɗaya a jikin tanti suna rawar ɗari, domin sanyi da ruwan sama su ne abin da wannan kare ba ya so. Can cikin dare ɗaya ya yi haushi sau biyu daga wajen garke. Kafin in ɗaga kai daga bargo sauran sun ɓace, sai muryoyinsu can nesa suna tafiya tare. Maigida bai ko tashi ba, daga kwance ya ce dila ne, in da mutum ne da ba haka za su yi ba, da sun tsaya kusa suna kiransa. Bayan ɗan lokaci suka dawo suka koma inda suke.

Abin da ke damun dattijon shi ne gauraya. Gonaki suna ta hawa arewa, sun wuce iyakar noma da dokar 1961 ta shata, ƙauyuka suna biyo su, kowane ƙauye kuma da karnukansa. In makiyayi ya sauka kusa da gari da rani, karyarsa ba ta tambayar asalin wanda ta haɗu da shi. Ya ce yanzu in yana son namijin kirki sai ya jira lokacin da ake haɗuwa wajen Ingal da damina, inda zangon nesa suke zuwa shan gishiri, ya nemi wanda ya san gidan da karensa ya fito.

Da safe ana loda tumakin kawu na ga wani kwikwiyo ja mai farin ƙirji yana bin uwarsa, ƙafafun sun yi masa yawa har yana harɗewa. Na ce wa dillali ya tambayar mini kuɗinsa. Dillali ya ce in rufa masa asiri, ba a taya kare a nan, kyauta ake bayarwa ga wanda aka yarda da shi. Dattijon ya ji mu.

"Aboki, so kake?"

"Ina so, ranka ya daɗe."

"Kana da dabbobi?"

"Kaji ne kawai."

"Gidanka, daga ƙofa zuwa bango, taku nawa?"

Na ƙiyasta na gaya masa, na ƙara da cewa akwai siminti da ƙofar ƙarfe, ba abin da zai same shi. Ya fassara wa matarsa, suka yi ta dariya har da yaran.

"In ka kulle shi a nan, ko ya haukace ko ya cinye kajin. Wannan sai inda zai yi gudu har ya gaji, kullum. Kai dinya ta dace da kai, ka sayi biyu a Dakwaro. Suna da ihu, kuma ba su zuwa ko'ina."